Wasiƙun da Yayana Ya Rubuta wa Burauza

A danginmu ni ne injiniyan kwamfuta. Ban nemi muƙamin ba. Wata shekara ce aka tura malaman makarantarmu kwas na mako biyu, aka koya mana kunnawa da kashewa da ɗan abin da ke tsakaninsu, na dawo da takardar shaida mai hatimi. Tun daga ranar, duk wani abu mai waya da ya lalace a dangi, daga rediyo har dutsen guga, sai a ce a kai wa Malam. Alhali Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, shekara ashirin da ɗoriya, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne jan layi a ƙarƙashin kuskuren wasu.

Yayana ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Gulma da Zauro da sauran ƙauyukan fadama, yana koya wa manoman shinkafa abin da kakanninsu suka sani, su kuma suna saurarensa don ladabi. Da ya yi ritaya sai ya zauna gidansa a Argungu, ya riƙe gona ɗaya, ya sayi kwamfuta ta tebur, mai akwati a ƙasa da allo a sama. Ya ce littafi zai rubuta a kan irin shinkafar da ake nomawa a bakin gulbin Rima kafin a kawo na zamani. Ya rubuta shafi huɗu. Ranar da zai shiga na biyar ya gano akwai wasan karta a cikin na'urar.

Asabar ɗin farko ta kowane wata nakan bar gidana a unguwar Nasarawa da hantsi, in shiga mota zuwa Argungu, in duba lafiyar kwamfutar, in ci tuwon shinkafa da kifi, in dawo kafin magariba. Kayan aikina guda ɗaya ne. Wani ɗan kasuwa mutumin kudu, da ke sayar da kayan kwamfuta a Birnin Kebbi, wanda Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina tsabta, shi ya zuba mani wata manhaja a filashi, ɗan abin ajiya da ake cusa wa kwamfuta.

"Malam, wagga tsintsiya ce," in ji shi. "Ka danna nan, ta tattaro maka shara. Ka danna can, ta kwashe. Ko makaho ya iya."

"To ni da nake da ido fa?"

"Kai sai ka ƙara da gyara tabarau, don a san aikin na masu ilimi ne."

Haka kuwa nake yi. Manhajar takan zagaye na'urar, ta jero abin da ta tsinto, in danna, wani koren layi ya cika daga hagu zuwa dama, shi ke nan. Cikin abin da take kwashewa har da tarihin burauza. Burauza ita ce ƙofar da ake bi a shiga intanet, kuma halinta irin na tsohuwar da ke zama a bakin zaure ne: ba ta hana ka fita, amma ta san ranar da ka fita, da inda ka je, da abin da ka tambaya a can. Duk tana rubutawa. Ni kuwa na kafa wa kaina doka cewa ba na buɗe wannan rubutu a na'urar kowa. Na share na shugaban makarantarmu ban duba ba, na share na surukina ban duba ba. Ina alfahari da wannan doka ƙwarai. Ina ganinta wata irin tarbiyya ce da ba kowane mai gyara yake da ita ba.

Ni da yayana ba masu hira ba ne. Akwai ƙauna, amma irin wadda ba ta da baki. In na isa zai ce, "Ka iso lahiya?" In ce lafiya lau. In tambaye shi inda ruwan gulbi ya kai, ya gaya mani. Ya tambaye ni yara, in ce suna gaishe shi. Daga nan hira ta ƙare, sai ƙarar fankar akwatin kwamfuta. A tsawon rayuwata ban taɓa jin ya ce wani wuri na jikinsa yana ciwo ba. Ranar da babur ya kayar da shi ya karye a hannu, cewa ya yi hannun ya ɗan gaji.

Matarsa ce mai magana a gidan. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji da matar wa, kuma ba ta taɓa raga mani ba.

"Injiniya ya iso," takan ce daga madafa. "A ɓoye kihi."

"Ni aiki ya kawo ni, Hajiya."

"Awo, aiki. Danna abu guda, cinye kai ukku. In da haka aka aikin gwamnati da kowa ya yi ƙiba."

A shekararsa ta ƙarshe wasan ya fara canza launi. Yayana ya daina zama majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Ya rage zuwa gona. In an kawo wuta, ko tsakiyar cin abinci ne, zai wanke hannu ya shige ɗakin kwamfuta ya turo ƙofa. Duk wanda ya leƙa, abu ɗaya zai gani a allo: koren tebur da karta a jere, dattijo ya tasa su gaba kamar mai duba. Ni na koya masa yadda ake danna maɓalli biyu a tare, shafin da ake kai ya ɓuya, wani ya fito. Shi ya roƙe ni in koya masa. Na koya masa har sau uku, ina jin daɗin samun ɗalibi mai naci.

Ya rame. Matarsa ta ce zaman gaban akwati ne da ƙin cin abinci. Maƙwabta suka fara magana, don karta ko a allo take sunanta karta, kuma mutumin da ake ba sahun gaba a masallaci bai kamata a ji shi da ita ba. Wata rana ta cire wayar wutar kwamfutar ta tura cikin buhun shinkafa. Da bakinta ta ba ni labari.

"Na ce yau dai za mu yi ta, ko hwaɗa ne a yi, don in ji muryatai. Ka san mi yay yi? Ya dube ni, ya ɗauki makullin babur, ya tahi kasuwa ya sawo wata. Ko uffan."

Na yi dariya a lokacin. Ita ba ta yi ba.

Zuwana na ƙarshe yana raye, ana tsakiyar girbin shinkafa ne. Na zauna a kujerarsa, shi yana tsaye a bayana, ya dafa bango. Manhajar ta gama zagayenta ta jero shara. Na kai hannu ga linzami, ɗan abin dannawar nan.

"Wanga karon ka duba kahin ka share," in ji shi.

"Ba komai a ciki, Yaya. Tarkace ne."

"Wancan na burauza. Ka buɗe ka duba."

"Ni ba na leƙen asirin mutane."

"Ni nac ce ka duba."

Na gyara tabarau. Na tuna sarai na gyara tabarau. Na ce masa in na fara buɗe na kowa, wa zai sake ba ni amanar na'urarsa? Na ƙara da wani ɗan jawabi a kan amana, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku ranar Litinin. A zuciyata na ɗauka tsoro yake kada in share masa wani shafi na shinkafa, irin tsoron da tsofaffi ke yi wa na'ura. Sai na danna. Muka tsaya mu biyu muna kallon koren layin yana cika.

"Ka gama?" ya ce.

"Na gama. Za ka ji ta yi sauri yanzu."

"Madalla."

Ya raka ni har bakin titi inda ake shiga mota, abin da bai saba ba. Na ɗauka motsa ƙafa yake so.

Watan da ya biyo ban je ba, muna makin jarrabawa. Kafin Asabar ɗin da ke bayansa ta zo aka yi mani waya cewa ya faɗi a gona. Aka kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, ya yi kwana tara, mafi yawansu bai san wanda ke kansa ba. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙoda ce ta tsaya, amma ba daga nan abin ya faro ba, daga mafitsara ne, kuma ya daɗe. Ya tambaye ni ko bai taɓa gaya wa kowa yana ganin jini ba.

"Likita, mutumin fadama ne," na ce. "A wurinmu jini a fitsari tsargiya ce. Duk wanda ya yi wanka a gulbi yana yaro ya san ta. Ba ma lissafa ta cikin ciwo."

Da wannan bayani muka rufe maganar, ni da dangi duka: bai sani ba, ya ɗauka tsargiya ce. Bayani ne mai daɗin riƙewa. Ba ya tuhumar kowa.

Da ya cika, ni na zuba ruwa da aka yi masa wanka. Wani dattijo na unguwarsu, wanda ya wanke rabin mamatan unguwar, shi ya yi wankan. Kafin ya yaye mayafi ya dube ni ya ce, "Malam, abin da idonka yag gani nan, nan za ka bar shi. Mai wanka ba ya da baki." Na ce na sani. Abin da na gani na bar shi a can, kuma ba zan ɗauko shi a nan ba.

Bayan an share makoki, dattawan gida suka ce kwamfutar ta tafi ga babbar 'yarsa, wadda ke karatu a Birnin Kebbi, don ita za ta amfane ta. Matarsa ta aiko in zo in gyara ta kafin a ɗauka. Na je wata Asabar da hantsi. Tana takaba, saboda haka ba a madafa na same ta ba. Tana cikin ɗakinta bayan labule, aka shimfiɗa mani tabarma a bakin ƙofa. Muka gaisa gaisuwar mutanen da ba su taɓa yi wa juna dariya ba.

"Ka wanke ta kamar yadda ka saba," ta ce. "Kada yarinya ta buɗe ta iske kartat tsohonta."

"Zan yi."

Na yunƙura zan tashi, sai ta ci gaba, muryarta a ƙasa.

"Malam, kai ɗan'uwanai ne. Bai taɓa hwaɗa maka laihin da niy yi mai ba?"

"Wane laifi, Hajiya?"

"Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa cin abinci shina gida bai zamna kusa ba. Shekara guda ya ba ni baya. In na shiga ɗaki shi kau da kai. In na yi magana shi dubi karta. Na bincika kaina har na gaji. Kwana tara ina bakin gadonai ina jiran shi buɗe ido in ce shi yahe mani, bai buɗe ba." Na ji ta gyara zama. "Mace dai ta san abin da aka hwaɗi kan wadda mijinta ya tahi shina hushi da ita. Ba ni barci, Malam."

Na ce mata yayana ba mai riƙo ba ne. Na ce mata shaiɗan ne ke kawo irin wannan tunani. Na faɗi duk abin da ake faɗi. Ta ce, "To," irin to ɗin da ɗalibi ke yi in ya ga malami ma bai san amsar ba.

Akwai wuta ranar. Na shiga ɗakin, na cire zanen da aka rufe na'urar da shi, na kunna. Hularsa tana rataye a ƙusa. Na sa filashi, manhajar ta yi zagayenta, ta jero. Layin burauza yana nan a inda yake kullum, da ɗan akwatinsa mai alama. Na kai hannu ga linzami, sai hannun ya ƙi. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Kawai dai babu kowa a bayana yana dafe da bango, kuma a wannan shirun ne na ji abin da ya ce, wata biyu da rabi bayan ya faɗe shi.

Na buɗe.

Yayana bai taɓa gane cewa wurin bincike ba ofis ba ne. Mutane kan jefa masa kalma biyu ko uku, kamar mai kiran ɗan tasha. Shi kuwa cikakkiyar wasiƙa yake rubutawa a ɗan siririn layin nan, da Turancin ma'aikatan da, da gaisuwa a farko da godiya a ƙarshe. Burauza ta adana su duka, kowace da ranarta da sa'arta, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Zan juya su da Hausa gwargwadon iyawata.

Ta sama, kwana biyu kafin ya faɗi, gajeriya ce. "Maigirma, na karanta duk abin da kuka turo. Ina roƙon a gaya mani wata nawa ya rage, ba tare da kwana-kwana ba. Na gode."

Na gangara. Akwai wadda yake tambaya ko asibiti a Sakkwato zai karɓi mutum shi kaɗai, ba tare da ɗan'uwa ya sa hannu ba. Akwai wadda yake tambayar abin da mutum zai ci ya daina ramewa, don mutane sun fara magana. Tsakanin wasiƙun akwai shafukan da ya buɗe, masu dogayen sunaye na likitoci, kuma sunan ciwon yana cikinsu ɓaro-ɓaro, ba sau ɗaya ba. Ya sani. Ya san sunansa da Turanci, ya san matakansa, ya san a wanne yake.

Sai wannan: "Maigirma, matata tana da hawan jini. Shekara talatin da biyar muna tare. Ina neman shawara a kan yadda ake gaya wa irin wannan mace labari irin nawa ba tare da an kayar da ita ba. Na gwada sau da yawa. Ina gudun haɗa ido da ita domin tana karanta fuskata, kuma na lura hakan yana ɓata mata rai. Mace ce ta kirki. Ina jiran amsarku."

Ya rubuta wannan sau huɗu a ranaku daban-daban, yana ɗan canza kalmomi, kamar mai zaton wasiƙar farko ba ta isa teburin da ya dace ba. Amsar da ya samu ita ce shafuka a kan rage gishiri.

Na ci gaba da gangarawa. Kusa da ƙasa ya ba da labarin ciwon tun daga farko: shekarunsa, wata goma sha ɗaya yana ganin jini, ya sha maganin tsargiya sau biyu bai tsaya ba. Na yi mamakin me ya sa yake gabatar da kansa kamar sabon zuwa. Da na kai layin ƙarshe na gane. Ranar da ke jikinsa ita ce Asabar ɗin zuwana na ƙarshe, sa'a ɗaya bayan ya raka ni titi.

"Maigirma, ƙanena malamin Turanci ne, zai fi ni fahimtar waɗannan shafuka. Na tara masa su don ya gani, amma ya share bisa kuskure. Shin akwai hanyar dawo da abin da aka share? Na gode."

Bisa kuskure. Ko a gaban na'ura bai yarda ya ba da ni ba.

Na daɗe zaune. Don in ba hannuna aiki na buɗe wasan kartar. Wasa ɗaya ne a ajiye, an ja kati uku an bari, kuma ranar da aka fara shi ta kusa shekara. Labule ne kawai. Dattijon ya zaɓi unguwa ta kira shi ɗan karta a kan ya buɗe baki ya faɗi inda ke masa ciwo. Kuma watanni goma sha ɗaya ina zuwa da tsintsiyata ina share masa abin da ya tara, ina cin kifi, ina komawa gida da alfaharin ban leƙa ba.

Aka kira azahar. Na je masallacin unguwa na dawo, ban san surar da na karanta ba. A hanya na shirya wa kaina hujja mai kyau, don hujja ba ta taɓa yi mani wuya ba. Mai wanka ba ya da baki. Abin da mamaci ya rufe da ransa, ba ni da hurumin yaye shi bayan ransa. Ita kanta cewa ta yi in wanke. In na gaya mata, zan ɗauke mata dutse ɗaya in ɗora mata wani: za ta san shekara guda yana fama a ɗakin da ke jikin nata, tana yi masa gorin karta, tana ɓoye masa waya a buhu. Ga kuma hawan jinin da shi kansa ya ji wa tsoro. Danna ɗaya, koren layi ya cika, kowa ya zauna da bayanin da muka riga muka yarda da shi.

Hujjar ta yi kyau har ta ba ni tsoro. Na saba da irinta a takardun ɗalibai: in amsa ta fito sumul babu ko gogewa, akwai abin da aka ɓoye a ƙarƙashin benci. Abin da ke ƙarƙashin nawa bencin shi ne layin ƙarshen nan. Dokar dattijo mai wanka an yi ta ne don a rufa wa mamaci asiri. Ni asirin mai rai nake shirin rufawa, kuma mai ran ni ne. Ita kuwa tana bayan labule tana neman laifin da ba ta yi ba, kuma za ta ci gaba da nemansa har nata lokacin ya zo.

Na koma tabarmar bakin ƙofa. Na yi sallama.

"Ka gama?" ta ce.

"Ban gama ba. Hajiya, kin sha maganinki yau?"

"Na sha. Mi ya hwaru?"

Na gaya mata. Ban iya jera shi yadda nake jera darasi ba. Na fara da karta, na koma asibiti, na dawo kan burauza, sai da na yi mata bayanin mece ce burauza. Daga ƙarshe na ce ya bar wasiƙa da ta shafe ta, na karanta mata daga wata takarda da na kwafe ta a kai kafin in baro ɗakin, ina juyawa da Hausa. Labulen bai motsa ba. Can na ji numfashinta.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Wurin da yac ce ina karanta huskatai. Haka yar rubuta, ko kai ka gyara?"

"Haka ya rubuta."

"Kai malami ne, kun iya gyaran magana."

"Wallahi ban ƙara ko wasali ba."

Ta yi kuka, ba mai ƙara ba. Na zauna ina kallon kaji suna tsattsagar ƙasa a tsakar gida. Da ta natsa sai ta ce, "Ashe ciwo shika yi, ni ko ina sa mai waya cikin buhu." Na ce ba ta sani ba. Ta ce, "Awo, ban sani ba." Sai kuma ta yi tambayar da na san tana tafe.

"Kai hwa? Kowane wata kana ɗakin nan, ku biyu, ƙohwa a ruhe. Ni ina madahwa ina cewa ko mi ne ne, ƙanenai ya sani, tunda shi ne mai ilimi. Ba ka taɓa gani ba?"

Ina iya cewa a'a, kuma ba ƙarya ba ce. Na ce, "Ya ce in duba. Ranar zuwana na ƙarshe. Sau uku ya faɗa. Ban duba ba, na share."

"Don mi?"

"Na ɗauka ladabi ne."

Na jira ta yi faɗa, ko ta ce Allah ya ƙaddara, wanda duk ya zo zan karɓa. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Da ta sake magana, wani abu daban ta ce.

"Ba ni karatun boko. Ka rubuta mani ita da ajami, wadda ta shahe ni. Ita kaɗai."

Rabona da rubuta ajami tun ina makarantar allo. Na ɗauko takarda daga teburinsa, na zauna a tabarma ina haɗa baƙaƙe kamar ɗan shekara bakwai, ina gogewa, ina sakewa. Layi shida suka ci mani kusan sa'a guda. Na tura takardar ta ƙarƙashin labule. Na ji tana bi a hankali, tana motsa baki, ta tsaya a wani wuri, ta koma baya, ta wuce.

"Sauran hwa?" na tambaya. "Yarinya tana da hakkin ta sani."

"Ɗiyata ce. Ni za ni hwaɗa mata, ranar da nig ga ta iya ɗauka. Ba akwati za ya hwaɗa mata ba. Tahi ka share."

Na koma ɗakin na share. Wannan karon da izini, kuma na san abin da nake sharewa. Na kwance wayoyi, na naɗe allon da zane, na fito da akwatin tsakar gida. Da na zo sallama na tsaya a bakin ƙofarta fiye da yadda ya kamata.

"Hajiya, ki yafe mani."

"Na ji, Malam," ta ce. "Ka bari in gama da nawa tukuna. Yau dai ina jin zan yi barci. Naka kuma sai na duba."

Na ɗauki akwatin na fita neman mota. Ta fita takaba tuni, ina zuwa Argungu ina gaishe ta, tana sa a kawo mani abinci. Har yau ba ta gaya mani ta gama dubawa ba, ni kuma ban sake tambaya ba.